Finlan a 2023: Shekarar Da Aka Shiga NATO, Aka Kuma Rufe Iyaka

Yau ina so in yi waiwaye a kan shekarar 2023 a ƙasar Finlan, inda nake zaune da iyalina. Dalilin wannan rubutu shi ne tambayoyin da 'yan'uwa ke yawan aiko mini, wasu daga Kumasi, wasu daga Jidda, wasu daga Landan. Wannan ya ce shin gaskiya ne Finlan ta rufe ƙofarta ga baƙi, wancan ya ce ko yaƙi za ku yi da Rasha, wani kuma ya ce in na turo yarona karatu zai sami zama kuwa? Amsar duk waɗannan tambayoyi tana komawa ga shekarar 2023, domin kusan duk dokokin da suka taɓa mu baƙi a 2024 da 2025 a wannan shekara aka shuka su.

Ga wanda bai san ƙasar ba, Finlan tana can arewacin Turai, mutanenta kimanin miliyan 5.6 ne, babban birninta Helsinki. Ta gabas tana da iyaka da Rasha mai tsawon kilomita 1,340. Duk wanda ya riƙe wannan adadi a zuciyarsa zai fahimci rabin abin da zan faɗa.

Shiga NATO

A ranar 4 ga Afrilu, 2023, Finlan ta zama ƙasa ta 31 a cikin ƙungiyar tsaro ta NATO. A ranar ne ministan harkokin waje na lokacin, Pekka Haavisto, ya miƙa takardar shiga ga takwaransa na Amurka, Antony Blinken, a birnin Burasel. Ga mai kallo daga nesa wannan ba wani abin mamaki ba ne, amma ga 'yan ƙasar babban juyi ne, domin sun yi kusan shekara 80 suna kauce wa irin wannan ƙawance.

Asalin maganar tsohuwa ce. A ƙarshen Nuwamban 1939 Tarayyar Sobiyat ta kai wa Finlan hari, aka yi yaƙin da suke kira Yaƙin Hunturu har zuwa Maris na 1940, aka sake gwabzawa daga 1941 zuwa 1944. Finlan ta tsira da 'yancinta, amma ta rasa kimanin kashi ɗaya cikin 10 na ƙasarta, kuma fiye da mutum 400,000 suka bar gidajensu a yankin Kareliya suka dawo cikin abin da ya rage. Daga nan suka ɗauki darasin cewa zama da babban maƙwabci sai da lallami. A 1948 suka ƙulla yarjejeniyar abota da Mosko, suka yi ta taka-tsantsan har Tarayyar Sobiyat ta wargaje. Sun shiga Tarayyar Turai a 1995, amma NATO suka ce tukuna. Sai dai ba su taɓa ajiye makami ba. Ba su soke aikin soja na dole ba kamar yadda wasu ƙasashen Turai suka yi, kuma in yaƙi ya tashi suna iya tara soja 280,000. Manyan gine-gine ma doka ta ce a yi musu maɓoya. Benen da muke haya akwai irinta a ƙarƙashinsa, mai ƙofar ƙarfe, mu dai kekuna da tsofaffin kaya muke ajiyewa a ciki.

To, da Rasha ta auka wa Yukren a ranar 24 ga Fabrairu, 2022, sai ra'ayin jama'a ya juya cikin makonni. Kafin yaƙin, masu son shiga NATO kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. A watan Mayun 2022 ƙuri'ar jin ra'ayi ta gidan rediyo da talabijin na ƙasar, wato Yle, ta nuna sun kai kashi 76 cikin 100. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A watan ne Finlan da Suwidin suka miƙa buƙatarsu tare. Turkiyya da Hungari suka ja ƙafa, har sai ƙarshen Maris na 2023 suka amince da Finlan ita kaɗai, Suwidin kuwa sai a Maris na 2024 ta shiga. A majalisar dokokin Finlan an amince da shigar a ranar 1 ga Maris, 2023, da ƙuri'a 184, masu adawa 7 kacal. Shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya zo Helsinki a watan Yuli, sannan a ranar 18 ga Disamba aka sa hannu a kan yarjejeniyar tsaro da ta ba sojan Amurka izinin amfani da wurare 15 a cikin ƙasar.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, ko da yake iyaye da yawa ba sa lura. Duk ɗa namiji da ke da takardar zama ɗan ƙasar Finlan, ko da yana riƙe da fasfon wata ƙasa, za a kira shi tantancewa a shekarar da ya cika 18, kuma zai yi aikin soja na kwana 165 ko 255 ko 347, in ba haka ba ya zaɓi hidimar farar hula. Yaran da muka haifa a nan, in suna da wannan takarda, suna cikin lissafin.

Zaɓen 2 ga Afrilu

Kwana biyu kafin shiga NATO aka yi zaɓen majalisar dokoki mai kujeru 200. Abin lura shi ne ba a kan NATO aka yi gardamar zaɓen ba, tunda kusan kowa ya yarda da ita. Bashin da ke kan gwamnati shi ne kan gaba, sai maganar baƙi. Jam'iyyar Kokoomus ta Petteri Orpo ta zo ta ɗaya da kujeru 48. Jam'iyyar Perussuomalaiset, wadda ta yi suna wajen adawa da shigowar baƙi, ta zo ta biyu da kujeru 46 a ƙarƙashin Riikka Purra. Jam'iyyar SDP ta Firaminista Sanna Marin ta sami 43. Ita Marin jam'iyyarta ƙaruwa ma ta yi a kan abin da ta samu a 2019, amma abokan tafiyarta suka sha kaye, don haka mulki ya kuɓuce mata. Kafin shekara ta ƙare ta bar shugabancin jam'iyya, ta bar majalisar ma.

An shafe makonni ana tattaunawa, sai ranar 20 ga Yuni aka kafa gwamnatin jam'iyyu huɗu: Kokoomus, da Perussuomalaiset, da jam'iyyar masu magana da harshen Suwidin, da ta Kiristoci 'yan dimokuraɗiyya. Orpo ya zama firaminista, Purra ta zama ministar kuɗi, ma'aikatar cikin gida wadda ke kula da shige da fice kuma aka ba Mari Rantanen, ita ma ta jam'iyyar Purra. Kujerar kakakin majalisa ta tafi ga Jussi Halla-aho, mutumin da kotun ƙoli ta taɓa samu da laifi a 2012 a kan rubuce-rubucen da ya yi game da Musulunci da Somaliyawa.

Shirin gwamnatin ya ƙunshi gyaran kasafin kuɗi na yuro biliyan 6, ta hanyar rage tallafin haya da na rashin aiki da sauransu, abin da ya sa ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki a watan Disamba, suka kuma ci gaba a 2024. A ɓangaren baƙi kuwa, an rage yawan 'yan gudun hijirar da ƙasar ke karɓa ta hannun Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1,050 zuwa 500 a shekara, an tsara tsawaita shekarun jira kafin zama ɗan ƙasa, an kuma tsara cewa mai izinin zama na aiki, in ya rasa aikinsa bai sami wani cikin wata uku ba, sai ya bar ƙasar. Ranar da aka bayyana wannan shiri, wayoyinmu ba su huta ba.

Abin kunyar watan Yuni da Yuli

Gwamnatin ba ta cika mako biyu ba ta faɗa cikin rikici. Ministan tattalin arziki, Vilhelm Junnila, ya yi murabus ranar 30 ga Yuni, kwana 10 kacal da hawansa, bayan an tono barkwancin da ya yi da alamomin 'yan Nazi da jawabin da ya yi a taron masu tsattsauran ra'ayi a birnin Turku a 2019. An kuma tono wata tambaya da ya rubuta a majalisa a wannan shekarar, inda ya ba da shawarar a ƙarfafa zubar da ciki a Afirka wai don a rage ɗumamar yanayi. Bayan shi sai aka gano rubuce-rubucen da Purra ta yi a intanet a 2008, masu cin zarafin baƙi da baƙar fata, ta fito ta nemi gafara. Wanda ya maye gurbin Junnila, wato Wille Rydman, shi ma jaridar Helsingin Sanomat ta wallafa tsofaffin saƙonninsa na waya masu irin wannan kalami. Shugaban ƙasa na lokacin, Sauli Niinistö, sai da ya fito ya ce ya kamata gwamnati ta nuna ba ta lamunci wariyar launin fata ko kaɗan ba.

A ƙarshen Agusta gwamnati ta fitar da sanarwar yaƙi da wariya, majalisa ta kaɗa mata ƙuri'ar amincewa a watan Satumba, kowa ya koma kujerarsa. Amma kafin nan, ranar 3 ga Satumba, fiye da mutum 10,000 suka yi zanga-zanga a tsakiyar Helsinki. Na je, ni da babbar 'yata. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mafi yawan waɗanda suka fito ba baƙi ba ne, 'yan ƙasa ne, har da tsofaffi masu dogara sanda.

Saboda haka nake ce wa 'yan'uwa kada a yi wa mutanen nan kuɗin goro, kuma kada a rufe ido. A watan Maris na 2023 aka sake bayyana Finlan a matsayin ƙasar da mutanenta suka fi kowa jin daɗin rayuwa a duniya, karo na shida a jere. A watan Oktoba kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Tarayyar Turai ta fitar da rahoto a kan 'yan asalin Afirka da ke zaune a Turai, inda Finlan ta fito tare da Jamus da Ostiriya a sahun ƙasashen da aka fi kokawa da wariya. Duka biyun gaskiya ne. Makaranta kyauta ce har da abincin rana, yaro ɗan shekara 7 yana tafiya makaranta shi kaɗai ba fargaba, amma mai suna irin namu yana iya aika takardar neman aiki sau da yawa ba a ko kira shi ba.

Bututun gas da iyakar gabas

Da kaka ta shigo sai maganar tsaro ta dawo. Ranar 8 ga Oktoba bututun iskar gas na Balticconnector, wanda ya ratsa ƙarƙashin teku tsakanin Finlan da Istoniya, ya fashe. Binciken 'yan sanda ya kai ga wani jirgin dakon kaya mai tutar Hong Kong, Newnew Polar Bear, wanda ya ja ƙarfensa na tsayawa a ƙasan teku har ya tsinke bututun. Sai a Afrilun 2024 aka gama gyara. Abin da ya sa ba a shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi ba shi ne ƙasar ta riga ta yi tanadi tun da Rasha ta yanke mata wuta da gas a Mayun 2022. Tashar nukiliya ta Olkiluoto 3, mai ƙarfin megawat 1,600, wadda aka fara ginawa a 2005 da niyyar gamawa a 2009, a watan Afrilun 2023 ta fara ba da wuta yadda ya kamata.

A watan Nuwamba kuma sai ga masu neman mafaka suna isowa iyakar gabas a kan kekuna, cikin ƙanƙara, 'yan Siriya da Somaliya da Yaman da Iraki da wasu ƙasashe. A watan kaɗai an sami kimanin mutum 900. A da masu tsaron iyakar Rasha ba sa barin wanda ba shi da biza ya iso ɓangaren Finlan, sai ga shi sun daina tsare kowa. Gwamnatin Orpo ta ce Rasha ce ke turo mutanen da gangan don ramuwar gayya, Rasha ta musanta. Ranar 18 ga Nuwamba aka rufe mashigai huɗu na kudu, mutane suka karkata arewa, aka rufe wasu uku, ya rage Raja-Jooseppi da ke can ƙuryar Laplan, ita ma aka rufe ta ranar 30 ga wata. An gwada buɗe mashigai biyu ranar 14 ga Disamba, washegari aka sake rufewa, kuma har shekarar 2025 ta shigo ba a buɗe ba. A Yulin 2024 majalisa ta zartar da dokar wucin gadi da ta ba da damar mai da masu neman mafaka baya a irin wannan yanayi, da ƙuri'a 167 a kan 31, duk da cewa masana doka da dama sun ce ta saɓa wa yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa.

Ni a ganina gwamnati tana da hujjar jin tsoron Rasha, domin an ga irin wannan wasa a iyakar Belarus da Polan a 2021. Amma idan giwaye biyu suna faɗa, ciyawa ce ke shan wahala. Waɗancan samari da aka saka a kan keke cikin sanyin da ya wuce misali, kuɗinsu dillalai suka karɓa. Don haka ina roƙon iyaye da yayye, duk wanda ya ji ƙaninsa ko ɗansa yana maganar wai za a yi masa bizar Rasha daga can ya tsallaka Finlan, ya hana shi. Wannan hanya a rufe take.

A tsakiyar wannan hali ne, ranar 16 ga Oktoba, tsohon shugaban ƙasa Martti Ahtisaari ya rasu yana da shekara 86. Shi ne ya jagoranci aikin Majalisar Ɗinkin Duniya da ya kai Namibiya ga samun 'yanci a 1990, ya sasanta rikicin Aceh a Indonesiya a 2005, ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2008. An haife shi a 1937 a birnin Viipuri, wanda yanzu yake hannun Rasha, wato shi ma yana ƙaramin yaro yaƙi ya raba shi da garinsu. An yi jana'izarsa ranar 10 ga Nuwamba, mako guda kafin a fara rufe iyakar.

Akwai kuma wani abu da ya haɗa Finlan da Najeriya a wannan shekara. A watan Fabrairu, ana gab da babban zaɓen Najeriya, 'yan sanda suka kama Simon Ekpa a birnin Lahti, mutumin da ke amfani da intanet daga nan yana ba da umarnin zaman gida a kudu maso gabashin Najeriya da sunan Biyafara. A lokacin an sake shi, mutane suka ce an yi ke nan. Ashe bincike bai tsaya ba. An sake kama shi a Nuwamban 2024, kuma ranar 1 ga Satumba, 2025, kotun yankin ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 6 a kan laifuffukan da suka shafi ta'addanci. Darasin a bayyane yake ga duk mai zaune a waje yana hura wutar rikicin gida ta wayar salula.

Abin da ya rage gare mu

An ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Daga 1 ga Oktoba, 2024, shekarun zama kafin neman zama ɗan ƙasa sun tashi daga 5 zuwa 8, amma wanda ya cika sharaɗin harshe, wato ya iya Finlanci ko Suwidanci gwargwadon yadda doka ta tanada, shekara 5 ne nasa. Mu maza mun saba cewa aiki ya hana mu zuwa aji, matanmu kuma mu bar su da yara a gida, alhali azuzuwan manya suna nan da yamma, wasu kyauta wasu da ɗan kuɗi kaɗan. Wannan uzuri ya daina karɓuwa.

Daga Janairun 2025 mai neman izinin zama na ma'aikaci sai albashinsa ya kai yuro 1,600 a wata. Daga Yunin 2025 dokar wata uku ta fara aiki, sai dai ƙwararru da waɗanda suka wuce shekara biyu da izinin aiki an ba su wata shida, kuma dole mai kamfani ya sanar da hukumar shige da fice cikin kwana 14 idan aiki ya ƙare. Saboda haka duk wanda ya ji ƙishin-ƙishin ɗin za a rage ma'aikata ya fara neman wani wuri tun kafin a miƙa masa takarda, kuma ya shiga ƙungiyar ƙwadago da asusun rashin aiki tun yana da aikin. Mai shirin turo ɗansa karatu kuwa, ƙofar tana nan, amma ya bi ta jami'a da ofishin jakadanci, ya kuma yi lissafin kuɗin makaranta da na zama da gaskiya.

Abu na ƙarshe shi ne ƙuri'a. A 2025, baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba, in ya yi shekara biyu a jere yana zaune a ƙasar, yana da ikon jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi ko da bai zama ɗan ƙasa ba. A zaɓen Afrilun 2025 jam'iyyar Purra, wadda ta sami kashi 20 a 2023, ta faɗo ƙasa da kashi 8, SDP ta zo ta ɗaya. Ke nan mutanen ƙasar nan suna hukunta 'yan siyasarsu a akwati. Da yawa daga cikinmu takardar zaɓe tana zuwa mana ta gidan waya mu jefar da ita tare da tallan kantuna, alhali ƙaramar hukuma ce ke riƙe da makarantun da 'ya'yanmu ke zuwa.

Wannan shi ne abin da na gani, kuma na san akwai 'yan'uwa a Tampere da Oulu da Turku da suka ga abin da ban gani ba. Ina fata su ma za su rubuto don kowa ya ƙaru. Allah ya ba mu zaman lafiya a duk inda muke, ya kuma raya mana zuriya. Sai wani jiƙon.